Layin da Magagari Ya Bari

A Suame, bayan la'asar,
Inusa ya ajiye karyayyiyar sandar injin fasa dutse.
Ƙarfen manganis ne, ɗan taurin kai:
kana dukansa, yana ƙara tauri.

Ba duka ya kashe shi ba.
Ɗan ƙarzane ne, siriri kamar gashin gira,
da magagari ya bari ranar gaggawa.
Nan gajiya ta sami ƙofa.
Juyi dubu, juyi dubu ɗari,
tsaga na tafiyar tururuwa
har ta ƙetare.

Yau sabuwa yake gogewa da samfefa
har gemunsa ya fito a jikinta.
Yaronsa ya ce, "Maigida, ai ta yi."
Ya bi ta da farce, ido rufe.
"Saura nan."