Buhuna Biyu na Amílcar

Ranar Talata, ruwa bai gama ɗaukewa ba,
Dona Graciete ta shigo garejina a Mirandela
da tsohuwar motar mijinta.
Ta kashe inji, ba ta fito ba,
hannu biyu a kan sitiyari
kamar mai riƙe da ƙahon maraƙi.

"Albano, motar nan ta daina jin magana.
A kan gadar Tua iska ta ɗan taɓa mu,
ƙugunta ya yi hagu, kanta ya yi dama.
In na sha kwana a hanyar gonar zaitun
sai in ji kujerata a bisa ruwa."

Na ce, tun yaushe?
Ta ce, tun bayan Amílcar.
Na je na ɗauko ma'aunin iska.

Tayar gaba ta dama ta ɗan sace,
ba abin da zai sa mota layi ba.
Na bi kowace taya da tafin hannu,
ina laluben ƙullutu, ko inda ta ci gefe guda.
Na gaba sumul.
Na baya tudu da kwari, tudu da kwari,
irin cin da kwalta ba ta yi ita kaɗai.

Telmo ya sa jak.
Na kama tayar gaba na girgiza gefe da gefe,
tayarod bai amsa ba.
Sama da ƙasa, shiru.
Bushin ya tsufa, amma tsufa ba laifi ba ne,
ni ma gwiwata tana ƙara da asuba.

Muka fita gwaji, tana gefena da jaka a cinya.
A gudun arba'in, mota mutuniyar kirki.
A saba'in na saki sitiyari, ta miƙe sak.
Sai ga ɗan tudun nan na gaban matatar man zaitun:
bayan motar ya tashi, ya sauka,
ya sake tashi, ya ƙara,
ya rasa inda zai zauna.
Ta ce, "Ka ji ko? To, haka."

Da muka dawo na danna kusurwar baya
da duk nauyin jikina, na saki, ina ƙirga.
Ɗaya. Biyu. Uku. Har huɗu.
Mai lafiya sau ɗaya take dawowa ta natsu.
Na kwanta ƙasa da tocila a baki.
Shokazoba biyu, mansu ya tsiyaye tuntuni,
ya bushe, ya kama ƙasa, ya zama ɓawo.
Wannan ba aikin bana ba ne, ba na bara ba.

To me ya riƙe ta duk shekarun nan?

Na buɗe but. An share shi fes,
sai dai shimfiɗar ta loma wuri biyu,
ga 'yan ƙwayoyin yashi maƙale a lungu.
Na ce, me ke nan a da?
"Buhunan yashi. Biyu.
Shekara da shekaru ina masa mita a kansu.
Mako guda da binne shi na sa jikana ya sauke,
na zuba wa tukwanen furanni."

Sai na tuna.
Shekara shida ke nan ya tsaya daidai inda take tsaye,
ya tambayi kuɗin shokazoba biyu.
Na faɗa, ya yi fito,
ya ce sai an kaɗe zaitun.
An kaɗe sau shida.

Na faɗa mata kuɗin. Ita ba ta yi fito ba.
"Wato da can ma a lalace take?"
Na ce, nauyi ne ya rufa mata asiri.

Ta daɗe tana duban gurbin buhunan nan.
Ruwa ya dawo, yana buga kwanon rufi.
"Sa mata sababbi," in ji ta. "Juma'a zan zo."

Telmo ya taho da tsintsiya zai gyara but.
Ta riƙe hannunsa.
"Bar wannan yashin."