Shingen da Allo Bai Nuna Ba

Da hantsi muka tashi daga Maradi,
ni da Nomau, tanki cike da maganin fara.
Allon gabanmu ya ja shuɗin zare,
muka bi shi, bin makaho da ɗan jagora.

Gulbi na kwance cikin yashinsa,
tafkin Madarumfa na ƙyalli ta hagu.
Ban dube su ba.
Idona na kan gilashi mai faɗin tafin hannu.

Sai rediyo ta yi gyaran murya:
"Kai mai farin jirgi, wa ya yi maka izini?
Nan sararin soja ne. Juya."
Nomau ya ƙwanƙwasa allon da farce,
bai ce uffan ba.
Taswirar bara ce a cikinsa,
dokar kuwa kwananta tara.

Sama ba ta da darni,
ba tsohuwar da za ta ce: yaro, gonar wani ce.

Kakana ya kai jakuna Kano cikin dare,
Zara kaɗai yake tambaya.
Ni na sauka gwiwa na rawa,
na sa hannu a takarda uku,
fara kuwa ta kwana a geron Jiratawa.