Minti Goma Sha Biyar

Ranar Talata, a hawan tudun Burngreave,
wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a bayan sitiyari,
kamar idon mage a cikin duhu.
Mota ta yi tari, ta yi kakari, ta daure ta haye.
Na ce, haba baiwar Allah,
saura kwana tara gwajin shekara,
ki rufa mini asiri.

Garejin Sallau yana ƙarƙashin gadar jirgi a Attercliffe,
ɗaki ɗaya, hita ɗaya, butar shayi da ta sha duniya.
A Panteka ya koyi aiki,
inda ake ɗora bakin sukundireba a jikin inji,
a kara kunne a ƙota, a ji abin da ke ci masa rai.
Yanzu waya yake sokawa a ƙasan sitiyari,
ya harɗe hannu, yana jiran mota ta rubuto masa wasiƙa.

P0171.
Ya ce, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan.
Na ce, ai tun da na zo garin nan haka nake.
Bai yi dariya ba. Ya ɗaga bonet, ya karkata kai,
ya bi wani siririn fito da ɗan yatsa
har ya cim ma tiyo, ya tsage,
tsagar ba ta kai farce ba.
Fam huɗu.

Amma fitila ta ƙi mutuwa.
Ya ce, ƙwaƙwalwarta ba ta san an yi gyara ba.
Wata da watanni tana ƙara mai don ta toshe ɓaraka,
ta saba da ciwon har ta ɗauka lafiya ce.
Sai an mantar da ita.

Sifana mai lamba goma.
Ya kwance kan batir, baƙin, ya kwantar a kan tsumma.
Taka birki, in ji shi, guntun wutar ya tsiyaye.
Na taka. Muka zauna a kan tsofaffin tayoyi.
Jirgin Doncaster ya wuce ta samanmu,
shayi ya yi rawa a kofi.

Sai na tuna Mista Hadfield na ɗaki na shida
a gidan tsofaffin da nake kwanan aiki.
Shekara arba'in yana narka ƙarfe a unguwar nan,
yau kowace asuba sai ya tambayi sunana,
ya tambaya ina Doreen.
In ce ta je kasuwa. Ya gyaɗa kai, ya karɓi magani.
Shi nasa kan batir, wa ya kwance?
Wane maƙeri zai ƙera sifanar da za ta mayar?
Ni kuwa akwai wata waya da aka bugo mini ƙarfe uku na dare,
ina tsaka da canja zanin gado,
da zan so a ce minti goma sha biyar
ya isa ta tsiyaye.

Sallau ya duba agogonsa, ya miƙe.
Ɗan tartsatsi, ƙyas.
Agogon mota ya koma sifili,
rediyo yana neman wata lambar da ban taɓa sani ba.
Inji ya tashi yana makyarkyata,
ya hau, ya sauka, yana laluben numfashinsa.
Ƙyale ta, in ji Sallau, kar ka taɓa totur.
In ta natsu ka ba ta mil hamsin,
cikin gari da babban titi, a hankali.
Abin da ƙafarka ta koya mata yau, shi za ta riƙe.

Na kama hanyar Chesterfield cikin yayyafi,
ba kiɗa, ba labarai, sai sharar gilashi.
Ina taka ta kamar mai taka ƙwai,
ina satar kallon inda idon magen yake.
Duhu. Alhamdulillahi.

A fitilar hanya na saita agogo.
Sai da na wuce Dronfield na lura
na ƙara awa guda,
lokacin Zariya.
Na kai hannu zan gyara, kore ya kama,
na bayana ya danna ham.