Mai Gyaran Rediyo

Shekara talatin ina gyaran bakin wasu.
Rumfata na bayan tashar motocin Madarumfa:
kwano biyu, benci ɗaya, dalma a kan garwashi.
In akwati ya shaƙe, ni ke buɗe masa maƙogwaro.
Abin da zai faɗa bayan nan, ba ni da iko a kai.

Daren Talata aka shiga ƙauyen su Nomau.
Da hantsi akwati uku na kan teburina, duk a kunne, ina gwaji.
Na fari ya ce mutum bakwai.
Na biyu, mai muryar da ke ƙetaro teku, ya ce sha tara,
ya kuma fasa sunan garin gida biyu
kamar mai raba goro.
Na uku ya ce ƙura ta lafa,
ya sako kiɗa.

'Yan bindiga, in ji wannan.
'Yan ta'adda, in ji wancan.
Wani ya ce ba a san ko su wane ne ba,
ya ja numfashi,
sannan ya ƙara da irin harshen da aka ji suna yi.
Ƙarin nan shi ya riga kowa isa kasuwa.

Dudu ta zo kafin azahar.
Shekara sha ɗaya tana sauke ƙwaryar nononta
a gindin dogon yaron da ke gabana.
Ba wanda ya ce mata uffan. Nan abin yake.
Tsahiru mai faci, da take bi dala arba'in,
ya duƙufa kan taya kamar yau ya fara ganin taya.
Masu shayi suka rage murya, suka ƙara ido.
Inuwa ta zagaya ta bar ta a rana.
Ni ma ban saya ba. Na ce cikina ne.
Allah shaida, cikina lafiya lau.

Da la'asar yara suka kewaye waya,
ga wuta, ga gudu, ga mata da hannu a ka.
Na leƙa. Duwatsu ne a bayan masu gudun.
Ina muka sami dutse irin wannan a ƙasarmu?
Na faɗa, aka ce tsoho, ka tsaya kan batir.

Nomau ya iso ran Alhamis
da rediyon wansa a buhun taki,
eriya a karye, yashi cike da lasifika.
Na ce, bakwai ne ko sha tara?
Ya ce, ban ƙirga ba, Jadi.
Akwai wana.
Akwai Tabawa mai ƙuli da jikanta a goye.
Akwai ladan, ya ɗauka asuba ce ta yi.
Akwai makiyayin da ya rugo daga daji yana ta da mu,
shi suka fara kayarwa.
Na ce, shi ban ji an faɗe shi ba.
Ya ce, na faɗa.
Ɗan jarida ya zo, yaro mai ladabi, har takalmi ya cire.
Awa guda ina ba shi magana.
Da dare na ji kaina a akwatin maƙwabci,
kukan kawai suka ɗauka.

Ba na cewa ƙarya suke. Wasunsu na san iyayensu.
Sai dai mai auna hatsi, in tiya ta cika,
da gefen hannu yake share tozon,
kuma ba ya duba wace ƙwaya ce ta faɗi.

Ran Asabar labari ya koma kan kuɗin siminti
da wanda ya ci ƙwallo.

Na busa yashin, na ɗinke wayar, na sa batir.
Nomau bai dawo ya karɓa ba tukuna.
Nakan kunna shi da dare, in na rufe,
in tsayar da allurar tsakanin tasha da tasha,
inda babu kowa sai shuuu
kamar ruwa na tahowa daga wajen Gabi.

Gindin dogon yaro, zoben gammon Dudu na nan a ƙasa.
Kwana tara ke nan.
Da safe in ina shara, nakan kewaye shi.