Riga Mai Ratsin Shuɗi

A Brest ruwan sama ba ya sallama,
shigowa yake kamar ɗan gida.
Daren Talata, ƙafafuna cikin ruwan ɗumi,
jikana Erwan ya kunna talabijin:
"Kaka, zo ki ga yadda ake ganinmu a ƙetaren teku."

Sai ga wani ƙato, gashin baki kamar ƙahon rago,
hula a karkace, dogon burodi a hammata,
yana sumbatar hannun duk macen da ta gifta.
Ko tagar banɗaki ya buɗe,
hasumiyar Paris ce ke leƙo shi.
Wai Faransanci yake yi:
kalma biyu tamu, sauran kakin maƙogwaro,
kamar mai kurkure baki da ruwan gishiri.
Can bayan fage, wasu da ba a gani
suna ta sheƙa dariyar haya, ba gajiya.

Shekarata saba'in da ɗaya a ƙasar nan,
ban taɓa gamuwa da mutumin nan ba.
Talatin a kasuwar kifi na yi su,
ƙarfe huɗun asuba, yatsu sun ƙage,
ba mai kiɗa a bayana,
ba mai sumbatar hannu mai ƙarni.
Paris sau biyu na taka ta: biki ɗaya, asibiti ɗaya.

Erwan har da riƙe ciki.
Ni ma na kusa, ba zan ɓoye ba,
da warin cuku ya kori baƙi daga falo.
Nan kam ba su yi ƙarya duka ba.

Sai ya tuɓe kwat.
Riga mai ratsin fari da shuɗi.
Dariyar haya ta sake ɓarkewa.

Irinta Goulven ya sa ranar da jirginsu ya fita,
watan Nuwamba, teku na huci.
Ba kwalliya ba ce. Ratsin nan, in ji tsofaffinmu,
don a hango mutum ne in ya faɗa ruwa.
Shi ba a hango shi ba.

'Yar'uwarta tana nan a ƙasan akwati,
faci a gwiwar hannu,
har yau da ɗan warin man inji.

Na ce, "Erwan, kashe murya."
Ya kashe, bai tambaye ni dalili ba.
Mutumin ya ci gaba da buɗe baki yana rufewa
kamar kifi a kan teburin awo.
Sai a lokacin na gane yarensa.

Ruwan ƙafafuna ya huce.
Na waje bai tsaya ba.