Mugun Daɗi

A Leeds, gidan tsofaffi, hawa na biyu,
nan muka fara gamuwa da kalmar.
Gajeriya ce kamar tsaki: sik.
Dattijuwa Doreen ta furta ta ƙarfe ukun dare,
hannu ɗaya a ciki, ɗaya na laluben ƙararrawa.
Na sheƙo da kwanon kwali,
na tallafi goshinta har ta amayar da shayin magariba.
Na ce to, ciwo ne, amai ne, na gane.
Ai ko a Malumfashi mun san sikila,
ita ta ɗauke mana Ɗanjuma yana aji huɗu.
Na ƙulle kalmar a bakin zani kamar canji.

Mako bai zagayo ba ƙullin ya kwance.
Sheila mai kicin ta wurga ludayi a tukunya,
ta ce ita fa sik take da aikin nan,
da ruwan sama, da bas mai lamba hamsin da shida,
da mijinta.
Na taɓa wuyanta, babu zazzaɓi.
Ashe gundura ce, tura ce ta kai bango.

Ran Asabar Jabiru ya shigo da abokinsa Callum,
dogo, fari sol, gashi kamar jan kanwa.
Na zuba musu ɗanwake, ƙwai biyu-biyu,
yaji na sosai, mai yana ƙyalli.
Yaro ya kai loma uku,
kunnuwansa suka yi ja, hawaye ya taru,
ya ɗago ya dube ni, ya ce: sik.

Innalillahi! Man gyaɗa na sa!
Na fizge farantin, na hango motar asibiti,
na hango uwarsa a ƙofa, na hango ɗan sanda
yana rubuta sunana ba daidai ba.
Jabiru kuwa yana ƙasa, riƙe da ciki.
Da ƙyar ya ce, Umma, yabo ne fa,
ƙari yake so.

Na mayar da farantin, amma ban huce ba.
Wane irin mutane ne ke yabo da cuta?
Na ce Jabiru, baki shi ke yanka wuya,
kar a sake yi wa girkina mugun fata.
Ya ce to. Callum ya sake cewa sik, a hankali,
yana suɗe cokali.

Da dare saƙon murya ya shigo daga Yaya Tabawa,
bayanta zakara na cara ba lokacinsa ba:
Ke, lesin nan ya yi bala'in kyau!
Turaren kuma masifar ƙamshi gare shi,
alewar mugun daɗi, yara har da faɗa.
Shegiya, kin iya zaɓe, kin kashe mu!

Na saurara sau biyu.
Bala'i, masifa, mugunta, kisa,
har da zagin da ya taɓa mahaifinmu,
duk a cikin godiya guda,
ni kuma ina murmushi kamar an ba ni kujerar Makka.
Laifi tudu ne.
Na kalli ƙofar ɗakin Jabiru, ban ƙwanƙwasa ba.

Litinin da asuba ina gyara wa Doreen matashi,
na tsaya a taga fiye da yadda ya kamata.
Ba komai a waje sai kwandunan shara da hazo.
Ta kama hannuna da yatsunta masu sanyi,
ta sake faɗin kalmar,
sai dai wannan karon ta ɗaura mata gida a gaba,
ta tambaye ni ko shi ke damuna.

Wannan ban nemi Jabiru ya fassara ba.
Na duba kabad ɗin da muke ajiye kwanonin kwali,
babu wanda aka yi domin irinsa.
Na ce mata shayinki zai huce.
Ta ce naki ma.