Bayan Ganye

Saiwa guda Barmani ta ba ni a kasuwar Auyo,
ƙunshe a tsumma, sai ka ce gwaza.
Na binne ta gindin randa, inda ruwa ke ɗiga.
Wata uku ta buɗe farin fure,
mazurari mai rawayan harshe.

Sai ganye ya soma ɗige-ɗige.
Na ƙara ruwa. Na zargi rana,
na zargi akuyar Tanimu.
Jikata Ladiyo ce ta juya ganyen:
"Kaka, ga garin barkono yana tafiya!"

Jajaye, ba su kai tsinin allura ba,
sun ja zare, sun kafa gari,
ni da tabarau ban ga ko ɗaya ba.

Na daka darbejiya ta kwana a ruwa,
na narka sabulun salo.
Bayan la'asar ita ta riƙe, ni in shafe
da tsohon ɗankwali.
Ganye uku sun tafi murhu.

Yau kwana tara, sabon toho ya naɗo kai.
Ban yi guɗa ba tukuna,
ƙwai ba ya jin sabulu.
Ladiyo ta riga ni tashi,
tana can durƙushe, tana juya ganye.